Makon Sababbin Ɗalibai: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suke: makon da jami'o'i da kwalejoji ke warewa don wayar da kan sababbin ɗalibai kafin a shiga aji. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili. Ƙa'idoji sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta, don haka duk inda maganarmu ta saɓa da abin da ke rubuce a kundin makarantarku, na kundin za ku bi.

Tambaya: Na samu gurbin karatu, an ce mu hallara mako guda kafin a fara lakca. Yayana da ya riga ni shiga jami'a ya ce jawabai ne kawai, in yi zamana a gida. Shin dole ne in je?
Daga wani sabon ɗalibi

Amsa: Ɗana, tashi ka tafi. Akwai jawabai kam, kuma babban taron da shugaban jami'a ke yi wa dubban ɗalibai maraba ba shi ne abin da za ka yi baƙin cikin rasawa ba. Amma shirin hawa uku ne: na jami'a baki ɗaya, na tsangaya, sai na sashe. Na sashen nan, wanda ake yi a ƙaramin ɗaki, shi ne ba a wasa da shi. A nan ake raba kundin ɗalibai, a nan ake nuna malamin da aka ɗora wa alhakin ba ajinku shawara, a nan ake faɗin kwasa-kwasan da suka wajaba a kanka da ranar rufe rajista. Wasu makarantun a makon suke yin gwajin tantance mataki a lissafi ko harshe, wanda bai zauna ba sai a sa shi a matakin farko ko da ya wuce wannan matakin. Wasu ma ba sa buɗe wa ɗalibi shafin rajista sai ya halarta.

Kundin nan kuwa, daren da ka karɓe shi ka nemo abu huɗu ka rubuta a bayan bangonsa: yawan yunit (nauyin da ake ba kowane kwas) da ake buƙata kafin a ba ka digiri, mafi ƙaranci da mafi yawan yunit da aka yarda ka ɗauka a zango ɗaya, kason halartar aji da ake buƙata kafin shiga jarrabawa, da makin da idan ka faɗo ƙasa da shi za a ba ka gargaɗi ko a sallame ka. A makarantu da yawa kundin shekarar da ka shiga ne ke binka har ka gama, ko da an sauya tsari ga waɗanda suka zo bayanka. Shi ya sa shawarar yayanka, duk da kyakkyawar niyyarsa, tana iya zama ta tsohon tsari.

Kafin makon ya ƙare, ɗauki jadawalin lakca ka taka da ƙafarka zuwa kowane ɗakin da ke ciki, kana duba agogo. Idan lakca ɗaya ta tashi ƙarfe goma saura minti goma, ta biye kuma za ta fara ƙarfe goma a ginin da ke da tafiyar minti ashirin, gara ka sani tun yanzu.

Tambaya: Waɗanne takardu zan riƙe? Kuma na lura sunan mahaifina a takardar haihuwata ya bambanta da na sakamakon sakandarena da harafi ɗaya. Zai zama matsala?
Daga wata sabuwar ɗaliba

Amsa: 'Yata, kin yi kyan kai da kika lura tun yanzu. Abin da ma'aikacin ofishin magatakarda ya buga a kwamfuta ranar farko, shi ne zai fito a katin shaidarki, da jerin sunayen jarrabawa, da takardar makinki, da shaidar digirinki. Kada ki jira ya gano da kansa. Ki faɗa masa, ki tambayi takardar da suke karɓa don gyara. A wurare da yawa takardar rantsuwa ce daga kotu, wani lokaci kuma sai an koma wa hukumar da ta bayar da takardar mai kuskuren. Kafin ki bar teburin, ki roƙa a nuna miki abin da aka shigar, ki duba abu uku: yadda aka rubuta kowane suna, jerin da sunayen suka bi, da ranar haihuwa. An sha juya rana da wata, 4 ga watan 7 ya koma 7 ga watan 4, saboda wasu manhajojin da wata suke farawa.

Takardun da aka saba nema su ne takardar ba da gurbi, sakamakon sakandare, takardar haihuwa, katin shaida ko fasfo, takardar lafiya da ta rigakafi, da rasit na duk abin da aka biya. Ki yi wa kowace fotokwafi uku ko huɗu, domin sashe zai karɓa, tsangaya za ta karɓa, asibitin makaranta da ofishin ɗakunan kwana su ma haka. Ki ɗauki hotonsu duka ki tura wa kanki ta imel. Hotunan fasfo ki riƙe kamar goma. Na asali nunawa ake yi a dawo da su. Idan wani ofishi ya ce sai ya riƙe, kada ki bari sai an ba ki shaidar karɓa mai sa hannu da kwanan wata.

Wanda zai yi karatu a wata ƙasa yana da ƙarin aiki: ofishin ɗaliban ƙasashen waje shi ne zangonsa na farko. A Amurka, misali, mai bizar karatu ta F-1 ba ya shiga ƙasar fiye da kwana 30 kafin ranar fara karatunsa, kuma mai karatun digirin farko dole ya riƙe aƙalla yunit 12 a zango, in ba haka ba bizarsa na iya shiga matsala.

Tambaya: An ba mu jerin kwasa-kwasai da lambobi a gabansu, an ce mu yi rajista ta intanet. Ban fahimci lambobin ba. Abokina ya ce in kwafi nasa tunda sashenmu ɗaya.
Daga wani ɗalibin ajin farko

Amsa: Malam, wannan ita ce babbar tambayar makon. Kuskuren da aka yi a rajistar zangon farko yakan yi shiru shekara uku ko huɗu, sai ranar da ake haɗa sakamakon kammalawa ya fito.

Lambar da ke gaban kowane kwas nauyinsa ce, wato yunit ko kiredit. A tsarin da Amurka da ƙasashe da dama ke bi, yunit ɗaya na nufin kimanin awa ɗaya a aji duk mako, da awa biyu na karatun kai, tsawon zango mai mako 15. Mai yunit 15 ke nan yana da awa 15 a aji da awa 30 a kan littafi, awa 45 a mako. Digirin shekara huɗu a wannan tsarin kan kama yunit 120 ko sama da haka. A Turai kuma tsarin ECTS ake bi, inda shekara ɗaya take da kiredit 60, kowane kiredit awa 25 zuwa 30 na aiki. Ko wanne makarantarku ke bi, abin lura ɗaya ne: awannin da ke kan jadawali ba su kai rabin aikin ba.

Kwasa-kwasan kuma iri-iri ne. Akwai na dole a sashenku, akwai na gama-gari da jami'a ta wajabta wa kowa, akwai na zaɓi. Fara da na dole, ka bi da na gama-gari, sannan ka cike da na zaɓi har ka wuce mafi ƙarancin yunit ba tare da ka tsallake mafi yawa ba. Sai ka duba wanne ne mabuɗin wani. Lissafi na ɗaya, alal misali, sau da yawa sharaɗi ne na shiga lissafi na biyu, shi kuma sharaɗi ne na wani kwas a aji biyu. Idan irin wannan kwas sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, wanda ya manta da shi ko ya faɗi ya ja wa kansa jinkirin shekara guda a duk jerin. Ka ja layi a ƙarƙashin kowane kwas mai sharaɗi a cikin kundin.

Kwafar na abokinka tana da haɗari uku. Mai yiwuwa an yafe masa wani kwas saboda takardar da ya shigo da ita. Mai yiwuwa rukuninku na aikin ɗakin gwaje-gwaje ba ɗaya ba ne, sai lokutanka su yi karo. Mai yiwuwa kuma shi ma kwafa ya yi. Sannan akwai kwasa-kwasan da sunansu ɗaya amma lambar shaidarsu ta bambanta, ɗaya na ɗaliban injiniya ne, ɗaya na masu kimiyyar halittu. Lambar shaidar za ka bi, ba sunan ba.

Yadda za ka yi: rubuta zaɓinka a takarda, ka zana jadawalin mako ka tabbatar babu biyun da suka faɗo awa ɗaya, ka duba jadawalin jarrabawa ma idan ya fito. Kai takardar wurin malami mai ba ku shawara ya duba kafin ka shiga intanet. Bayan ka tura, kada ka rufe shafin sai ka ga alamar an karɓa. Ɗalibai da yawa sukan zaɓi kwasa-kwasai su manta da danna maɓallin ƙarshe, su yi zango guda suna shiga aji alhali sunansu ba ya cikin jerin. Buga takardar rajistar, a sa hannu inda ake buƙata, ka ajiye kwafinka. Mako biyu da fara karatu ka roƙi kowane malami ya duba ko sunanka na cikin jerinsa.

Akwai ɗan lokaci a farkon zango, galibi mako ɗaya ko biyu, da ake yarda a ƙara kwas ko a ajiye. Idan za ka ajiye, a rubuce ake yi, ta shafin rajista ko da fom. Daina zuwa aji ba ajiyewa ba ne. Sunanka na nan, kuma a ƙarshen zango sifiri za a rubuta maka.

Tambaya: An yi mana bayanin GPA a taron amma da sauri aka yi. Kuma ana cewa ajin farko na hutawa ne, sai a aji biyu ake dagewa.
Daga wata ɗalibar kimiyya

Amsa: Malama, GPA shi ne matsakaicin makin kwasa-kwasanki; ɗauko biro mu yi lissafin tare. Wasu makarantun ma'aunin 5 suke amfani da shi, wasu na 4. A ma'aunin 4, A maki 4 ne, B 3, C 2, D 1, F sifiri. Ana ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimlar yunit.

Ga ɗalibai biyu masu kwasa-kwasai biyar iri ɗaya: biyu masu yunit 4, ɗaya mai 3, ɗaya mai 2, ɗaya mai 1, jimla 14. Ta farko ta ci C a manyan biyun, B a mai yunit 3, A a ƙananan biyun. Lissafinta 8 da 8 da 9 da 8 da 4, wato 37, a raba da 14, ya ba da 2.64. Ta biyu ta ci A a manyan biyun, B a mai yunit 3, C a ƙananan. Nata 16 da 16 da 9 da 4 da 2, wato 47, ya ba da 3.36. Kowaccensu A biyu gare ta, B ɗaya, C biyu. Bambancin kawai inda kowacce ta zuba ƙarfinta. Don haka ki raba lokacin karatunki gwargwadon nauyin kwas, ba gwargwadon wanda ya fi miki daɗi ba.

Maganar hutawa a ajin farko kuwa, muna roƙonki ki yi watsi da ita. Wadda ta gama shekarar farko mai yunit 30 da 2.0, a digiri mai yunit 120, ko da A zalla ta ci a sauran yunit 90, ba za ta wuce 3.5 ba. In 3.0 take nema, sai ta riƙe 3.33 shekara uku a jere, lokacin da karatun ya fi tsauri. Gaskiya ne jami'o'i da yawa a Ingila ba sa sa makin shekarar farko a lissafin darajar digiri, cin ta kawai ake buƙata. Amma ki tambaya a makarantarku kafin ki ɗauka haka ne. Ki kuma tambayi abin da ake yi da kwas ɗin da aka faɗi aka maimaita, domin wasu sabon makin ne ke maye gurbin tsohon, wasu duka biyun suke lissafawa.

Halartar aji ma lissafi ce. Inda ake buƙatar kashi 75 cikin ɗari, kwas mai zama biyu a mako yana da zama 30 a zango. Fashi takwas ya jefa mutum ƙasa da layi. Wanda ya makara mako biyu ya riga ya cinye huɗu.

Tambaya: 'Yata ce za ta tafi, kuma ita ce ta farko a gidanmu da ta shiga jami'a. In raka ta ne? Kuma wani ya kira ni ya ce zai iya samo mata ɗakin kwana in na tura masa kuɗi.
Daga wani uba

Amsa: Baba, Allah ya sanya albarka. Ka raka ta, ka ga inda za ta kwana, ka san asibiti da ofishin tsaro, ka karɓi lambar wayar mai kula da ɗakunan kwana da ta ofishin harkokin ɗalibai. Idan an ware wa iyaye zama nasu, ka halarta. Amma a layin rajista da gaban malamai, ka ja baya ita ta yi magana. Gobe ba ka nan, kuma ita za ta koma ofisoshin nan. Ka kuma san cewa a ƙasashe da dama makaranta ba ta nuna wa iyaye sakamakon ɗalibi kai tsaye. A Amurka dokar FERPA ta 1974 ce ta mayar da wannan haƙƙin hannun ɗalibi da zarar ya shiga makarantar gaba da sakandare. Ku yi magana tun yanzu kan yadda za ta riƙa sanar da kai.

Mutumin da ya kira ka kada ka tura masa ko sisi. Makon nan kakar 'yan damfara ce, domin sun san baƙi sun cika wuri kuma kowa na gaggawa. Kuɗin makaranta da na ɗaki ta hanyar da aka rubuta a takardar gurbi ko shafin makaranta ake biya, da rasit mai sunan ɗaliba da lambarta. Duk wanda ya ba da asusun kansa, ko ya ce yau ce rana ta ƙarshe, ko ya nemi kalmar sirrinta don ya yi mata rajista, a kai lambarsa ofishin tsaro. In kuma a shagon kwamfuta aka taya ta buɗe shafinta, ta sauya kalmar sirrin a ranar, ta tabbatar imel da lambar wayar da ke ciki nata ne, ba na mai shagon ba.

Tambaya: Ina da ciwon sikila. Ina tsoron in na rubuta a fom ɗin asibiti za a ƙwace gurbina.
Daga wani ɗalibi

Amsa: Ɗana, ka rubuta. Manufar fom ɗin ita ce ranar da aka kawo ka da dare cikin ciwo, likitan da ke aiki ya buɗe fayil ya san abin da zai yi nan take. Ka zo da wasiƙa daga likitanka mai ɗauke da magungunanka da abin da jikinka ba ya so, da maganin da zai kai ka aƙalla wata guda. Ka tambayi yadda ake ba da uzurin rashin lafiya idan ya faɗo ranar jarrabawa, da kwana nawa ake bayarwa a kawo takarda, domin wanda ya kawo bayan wa'adi akan ɗauke shi a matsayin wanda bai zo ba. Ka nemi ɗaki a hawan ƙasa kusa da ruwa tun kafin a gama rabo. Haka muke faɗa wa masu asma, da farfaɗiya, da ciwon sukari, da masu lalurar gani ko ji ko tafiya, waɗanda za su iya neman ƙarin lokaci a jarrabawa ko sauyin ɗakin lakca.

Rigakafin sanƙarau kuma kowa ya tambaya a kansa. Cutar ta fi yaɗuwa inda matasa ke kwana a cunkushe, shi ya sa makarantu da yawa ke neman shaidar allurar kafin su ba da makulli. Jiki na buƙatar kamar kwana 10 zuwa 14 kafin kariyar ta kama, don haka a yi ta tun a gida.

Tambaya: Zagayen laburare na da amfani tunda komai na cikin waya?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Yana da shi. Mujallun bincike da littattafan da jami'a ke biya wa kuɗi ba sa buɗuwa sai da shaidar shiga ta laburare, kuma a wannan zagayen ake bayarwa. Za a kuma nuna miki yadda ake karanta lambar da ke bayan littafi. Idan tsarin Dewey ne, wanda ya fito a 1876, kimiyya na 500, fasaha da likitanci na 600. Idan na Laburaren Majalisar Amurka ne, haruffa za ki bi: Q kimiyya, R likitanci, K shari'a, L ilimi. Ki tambayi sashen littattafan da malamai suka keɓe, waɗanda ake ara na 'yan awanni.

A zaman nan ne kuma ake bayanin satar fasaha. Kwafo sakin layi ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne ko da an sauya kalmomi, haka miƙa aiki ɗaya da na abokiya. Makarantu da dama na tace ayyuka da manhaja irin su Turnitin. Ki tambayi kowane malami ra'ayinsa kan amfani da ƙirƙirarriyar basira, domin abin da wani ya halatta wani ya haramta.

Tambaya: Ni mai kunya ne, kuma ƙungiyoyi sun yi yawa.
Daga wani ɗalibi

Amsa: Mutum uku a sashenku sun ishe ka a makon farko. Karɓi lambarsu da ta wakilin aji, ka shiga zauren ajinku na WhatsApp ko duk inda ake sanar da sauyin lokaci. Ƙungiya ɗaya ko biyu sun isa, kuma ka duba sunansu a jerin waɗanda ofishin harkokin ɗalibai ya yi wa rajista. Duk wadda taronta na sirri ne, ko ta nemi rantsuwa, ko ta gwada sabon shiga da duka ko wulaƙanci, ka nisance ta ka kai rahoto.

Tambaya: Gurbina ya fito a makare, na iso an gama komai, har an yi mako biyu ana lakca.
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, da ofishin sashe za ki fara, ba da aji ba. Ki karɓi kundi da sunan malami mai ba ku shawara, ki gan shi a ranar. Ki tambayi ranar rufe rajistar makara da ko akwai tara, sannan ki nemi wasiƙa daga ofishin ba da gurbi mai nuna ranar da sunanki ya fito. Ita za ki nuna wa kowane malami don kada a lissafa miki makonni biyun a matsayin fashi, ita ce kuma hujjarki idan an riga an yi tes. Makarantu da yawa na sake ɗan gajeren zama ga waɗanda suka makara, ko su sa bidiyon na farko a shafinsu. Asibiti, laburare da katin shaida ki gama da su cikin kwana uku, a tsakanin lakcoci. Idan an ba ki zaɓi, ki ɗauki yunit kusa da mafi ƙaranci a wannan zangon, kwasa-kwasan dole da masu sharaɗi a gaba, na zaɓi ki bar su sai zango na biyu.